Awon Miƙewar Ƙafa da Ciwon Gwiwa

Mutane da yawa a ƙasar nan, musamman waɗanda suka haura shekara 50, suna fama da ciwon gwiwa irin wanda ake kira amosanin gaɓɓai. Mutum ya tashi da safe gwiwa ta sage, in ya ɗan taka ta saki, amma tsuguno da hawan bene su gagare shi. Sa'ad da irin wannan mutum ya je asibiti, sau da yawa likita ba ya tsayawa ga taɓa gwiwar kaɗai. Yakan ce a tuɓe takalmi a miƙe tsaye, sa'an nan ya dubi ƙafar tun daga ƙugu har ƙasa. Wannan takarda za ta bayyana dalilin haka.

Hanyar da nauyi yake bi

Gwiwa ita ce mahaɗar ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, bakin kowannensu kuwa a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi. Wurin da suka haɗu kashi biyu ne: gefen ciki, watau wanda yake fuskantar ɗaya gwiwar, da gefen waje. A amosanin gaɓɓai guringuntsin ne yake cinyewa sannu a hankali, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi.

Likitocin ƙashi suna jan miƙaƙƙen layi daga tsakiyar kan ƙashin cinya, inda ya shiga kwatangwalo, zuwa tsakiyar idon sawu. Ta nan nauyin jiki yake sauka. In ƙafa a miƙe take, layin yana ratsa tsakiyar gwiwa, ko ya ɗan karkata ciki kaɗan. Ga mai ƙafar baka layin yana faɗawa ta ciki, ga mai gwame kuwa ta waje. Ko ga mai miƙaƙƙiyar ƙafa ma, gefen ciki ne yake ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na nauyi wajen tafiya, shi ya sa galibi can ciwon yake farawa.

Duk direba ya san tayar da ba ta zauna daidai ba gefe guda take cinyewa. Na gwiwa ya fi wannan muni, domin abin yana ciyar da kansa. Guringuntsin ciki ya cinye, ƙafa ta ƙara yin baka. Ta ƙara yin baka, nauyi ya ƙara komawa ciki. Tsohuwar da aka san ta da miƙaƙƙun ƙafafu tana budurwa, yanzu kuma gwiwoyinta sun buɗe, yawanci abin da ya same ta ke nan.

Yadda ake awon

Awon da ya fi inganci shi ne dogon hoton ƙashi wanda ya haɗa kwatangwalo da gwiwa da idon sawu. Lalle ne a ɗauke shi mutum yana tsaye, ya aza nauyinsa bisa ƙafafunsa, ƙoƙon gwiwa yana duban gaba. In an ɗauka a kwance, ƙasusuwan sukan ɗan rabu, sai gwiwar da ta cinye ta yi kamar mai lafiya. In kuma an murɗa ƙafar ciki ko waje, lissafin ya ɓaci. Don haka kada a ga kamar fitina ce idan ma'aikaci ya yi ta gyara wa mutum tsayuwa.

A kan hoton ake jan layi daga kwatangwalo zuwa tsakiyar gwiwa, a ja wani daga nan zuwa idon sawu, a auna kusurwar da suka yi. Digiri 180 shi ne miƙewa sak. Karkatar da ba ta wuce digiri 3 ba, ciki ko waje, ana lissafta ta daidai.

Gajeren hoton gwiwa wanda aka saba ɗauka yana nuna cinyewar guringuntsi, amma ƙiyasi kawai yake bayarwa game da miƙewa, domin sandar ƙashin cinya ta kauce wa layin nauyi da kimanin digiri 6, kuma lanƙwasarta ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Inda babu na'urar hoto, ana haɗa idon sawu biyu a auna tazarar gwiwoyi da tef, ko a haɗa gwiwoyi a auna tazarar idon sawu, a rubuta don kwatanci nan gaba. Ido kaɗai yana ruɗi, balle ga mai kaurin cinya.

Masu ciwo da marasa ciwo

A wani bincike da aka buga a 2012, likitoci a Beljiyam sun auna matasa 250 masu lafiya, 'yan shekara 20 zuwa 27. Kashi 32 cikin 100 na mazan, da kashi 17 cikin 100 na matan, an same su da baka ta digiri 3 ko fiye, ba kuwa abin da yake damunsu. Ashe ke nan ƙafar baka kaɗan halitta ce ga mutane da yawa, ba cuta ba. Wanda ba ya jin ciwo ba ya bukatar hoto, ba ya bukatar magani.

Ga wanda ciwon ya riga ya kama kuwa, magana ta sake. A 2001 masu bincike na Jami'ar Northwestern a Shikago, Amurka, sun ba da sakamakon bin masu amosanin gwiwa fiye da 200 har wata 18. Masu ƙafar baka, haɗarin ƙaruwar lalacewar gefen ciki ya ninka sau 4 a gare su. Masu gwame, na gefen waje ya kusa ninkawa sau 5. Mutum biyu masu ciwo iri ɗaya yau, bayan 'yan shekaru ɗaya yana noma, ɗaya kuwa sai da sanda. Awon yana taimakon likita ya gane wanda zai fi sa wa ido.

Iyaye su lura, na yara daban ne. Jariri yakan yi ƙafar baka har wajen shekara 2, ya koma gwame a shekara 3 zuwa 4, ya miƙe wajen shekara 7. A kai yaro asibiti idan ƙafa ɗaya ce ta karkace, ko bakar tana ƙaruwa bayan shekara 2, ko yana kukan ciwo. Binciken da aka yi a Jos ya nuna ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci yana tausasa ƙashin yara, wannan kuwa yana da magani.

Abin da ake yi bayan awo

Na farko rage ƙiba ga mai ita: kilo 1 da aka rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo 4 a kowane taku. Sai motsa jiki mai ƙarfafa naman cinya, da riƙe sanda a hannun da yake ɗaya gefen, ba gefen gwiwar mai ciwo ba. Akwai kuma abin ɗaure gwiwa mai ture nauyi daga gefen da ya cinye. Ga mai sauran ƙuruciya wanda gefe guda kaɗai ya lalace, ana iya yanka ƙashi kusa da gwiwa a gyara zamansa, layin nauyi ya koma gefen mai lafiya. In gwiwar duka ta ƙare, ana sa ta ƙarfe da roba. Duk ayyukan nan biyu da dogon hoton ake tsara su.

Tsaga da ɗori da tausa ba sa miƙar da ƙashin babba. Ƙwayoyin kashe ciwo kuma ba sa sauya hanyar nauyi, shansu kullum ba da shawarar likita ba yana iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Wanda gwiwarsa ta ɗauki makonni tana ciwo, ko ya ga ƙafarsa tana karkacewa, ya fara zuwa asibiti mafi kusa. In da bukata za a tura shi asibitin koyarwa, ko ɗaya daga cikin asibitocin ƙashi na Gwamnatin Tarayya, kamar na Dala a Kano, da na Igbobi a Legas, da na Enugu. Ya tafi da tsofaffin hotunansa in yana da su, ya kuma sa tufafin da za a iya ɗagewa har cinya.