Daga Shikago Zuwa Kasuwar Sheme

Manomin masara a Faskari ba shi da hannun jari ko ɗaya, amma ni dai na daɗe da sanin cewa girgizar manyan kasuwanni tana riskar rumbunsa.

A Satumban 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka. Hannayen jari suka zube, gangar mai da ta kai dala 147 a Yuli ta koma ƙasa da 40 a Disamba, masara ma a Shikago ta yi asarar kusan rabin kuɗinta. Dalili kuwa, mai kuɗi in ya firgita komai yake sayarwa, ya rungume dala, masana'antu kuma su rage saye.

Mu nan abin ta bayan gida yake shigo mana. A 2020, lokacin korona, mai ya faɗi, dalar ƙasa ta ragu, aka karya darajar naira, taki da maganin feshi suka hau. A lokacin masara tana sauka a Shikago, tana tashi a Sheme da Ɗandume. Ga kuma 'yan bindiga sun raba mutanen Ƙanƙara da Sabuwa da gonakinsu, wannan ne ya fi ci mini rai.

Ɗan'uwa manomi, kafin ka buɗe rumbu, tambayi kuɗin taki tukuna.