Masu raunin fahimta: a tambaye su kafin a yanke musu shawara

A gidaje da dama a Maraɗi da Damagaram akwai mutumin da ya haura shekara 30 amma har yau "yaron nan" ake ce masa. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke kai awaki kiwo. Ranar da za a yi maganar aurensa ko rabon gadonsa kuwa, sai a aike shi kasuwa.

Raunin fahimta daban yake da taɓin hankali. Yana bayyana tun yarinta, mai shi yana koyon abu a hankali, lissafi da dogon bayani na ba shi wuya. Amma ya san abin da yake so da wanda ba ya so.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda aka amince da ita a 2006, Nijar kuma ta tabbatar da ita a 2008, ta taɓo wannan batu. Sashe na 12 ya ce irin wannan mutum yana da ikon yanke shawara gaban doka kamar kowa, aikin hukuma shi ne samar masa mai taimako. Sashe na 19 ya ba shi damar zaɓen inda zai zauna da wanda zai zauna da shi. Ƙasar Peru a 2018, sai Kolombiya a 2019, sun gyara dokokinsu, suka soke ɗora wa baligi waliyyi saboda naƙasa. Yanzu shi ke nuna wanda ya amince ya taimaka masa.

A wurinmu yawanci a tsakar gida ake yanke maganar, kuma mazauna ƙetare na da baki a ciki tunda su ke aiko kuɗi. Wanda ke Legas ko Aljeriya ya turo jikka 20 "don Ƙane", kuɗin su shiga cefane, mai sunan bai ma ji labari ba. Iyaye na tsoron a cuce shi, kuma suna da hujja, don macuta ba su ƙare ba. Sai dai ana iya kare shi ba tare da an rufe masa baki ba: a ajiye masa zaɓi biyu, kiwon tumaki ko zaman shago, a yi bayani da gajerun kalmomi, a ba shi kwanaki ya yi tunani, a sake tambaya. In ya sayi rago ya faɗi, ai ƴan kasuwa masu cikakkiyar lafiya ma suna faɗuwa.

Idan ka kira gida ta WhatsApp a wannan mako, ka ce a miƙa masa wayar, ka tambaye shi me yake so a yi da kuɗin.