Iyakar Kalmar "Nama" a Bakin Ruwan Yauri

Baƙon da ya sauka Yelwa ya ce wa masu masaukinsa shi ba ya cin nama, ba za a yi masa musu ba. Za a kawo masa tuwon shinkafa da miyar da aka daka busasshen kifi a ciki, uwargida kuwa ta tabbata ta cika umurninsa. Ba ta yi kuskure ba. A Hausa kifi ba nama ba ne; akan jera su ne, a ce nama da kifi, kamar yadda akan ce gero da dawa. Ko sunayen da masunta suka aro daga dabbobin tudu, irin su giwan ruwa da ragon ruwa, ba su shigar da kifi cikin nama ba.

Wannan iyaka ta fi tsanani a ƙasar Yauri, da Ngaski, da Shanga, inda Sarkawa da Gungawa suka daɗe suna zaune kan kogin Kwara. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da yawa, aka ta da mazaunansu zuwa sababbin garuruwa a gaɓa, su kuwa ya ƙara bunƙasa. Ƙananan kifayen nan da ake kira warangi, waɗanda akan shanya a rana, su ne cefanen mai ƙaramin ƙarfi. Suna narkewa cikin miya har ido ba ya ganinsu, sai dai hanci ya ji ƙarni.

Masu ƙin cin abu mai rai da suka zauna ƙasar Japan suna ba da labarin irin wannan wahala. Can ma kalmar niku, watau nama, ba ta haɗa da kifi ba, kuma akasarin miyarsu ana ɗora ta kan wani romo, dashi, wanda ake yi da busasshen kifi da ciyawar teku. A shekara ta 675 Sarki Tenmu ya hana cin shanu, da dawaki, da karnuka, da birai, da kaji a watannin noma, amma bai taɓa kifi ba. Sai a 1872 aka sanar cewa Sarki Meiji ya ci naman sa.

To, me baƙon Yauri zai ce? Kalmar da ta fi kusa ita ce lami, amma lami kalmar rashi ce, ba ta zaɓi ba. Wanda ya roƙi lami a gidan da aka saukar da shi kamar ya ce maigida matsiyaci ne. A ganina gara ya lissafa a fili: ba nama, ba kifi ko da dakakke, ba romo. In ya ƙara da cewa ba ya karɓarsa, ko likita ya hana shi, nan take za a gane, domin Bahaushe ya san abincin da ba ya karɓar mutum.

Abin ci kuwa ba ya yankewa. Akwai wake da shinkafa, da ɗanwake, da ƙosai, da kwaɗon zogale ko na rama da ƙuliƙuli, ga albasar da Gungawa suka yi suna wajen nomanta. Daddawar kalwa kuma tana ba miya ɗanɗanon da ake nema wurin kifi, kamar yadda miso, wanda ake yi da waken suya, yake yi wa Japanawa.