Aikin Kwamfuta na Kwangila: Nema da Ciniki

Kamfanoni da yawa ba sa buƙatar mai haɗa manhaja ko mai kula da shafin intanet kullum. Awa goma ko ashirin a mako ta ishe su. Ana tallata irin wannan aiki a shafukan Upwork da Fiverr da LinkedIn, amma mafi ɗorewa yakan zo ne ta bakin wanda ka taɓa yi wa aiki ya ji daɗi.

A wajen ciniki ne sababbin shiga suke cutuwa, abin kuwa da ciwo. Kuɗin awar ɗan kwangila dole ya fi na ma'aikacin albashi, domin shi ke sayen data da man janareta, shi ke gyara kwamfutarsa, ba fansho, ba hutu da biya. Fiverr ma na cire kashi 20 cikin 100 na kowane ciniki, sai ka saka wannan a lissafi tun farko.

Kafin ka fara, a rubuta komai: wane aiki, awa nawa, gyara sau nawa, yaushe za a biya. "Ɗan ƙara mini wannan" da mai aiki zai turo da tsakar dare na iya cinye mako guda a kyauta. A Upwork, aikin da aka yanke wa farashi, mai shi na ajiye kuɗin a hannun Upwork kafin a soma. Idan kuwa kai tsaye kuka daidaita, nemi kafin alƙalami. Wanda ya ƙi rubutu, ya kuma ƙi ba da kafin alƙalami, ka haƙura da aikinsa.