Neman Labarin Mazan Jiya: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Sau da yawa mutum ya kan zo ƙofar Hakimi, a birnin Katsina ko a gunduma, riƙe da tsohuwar lamba ko yagaggiyar takarda, ya ce kakansa ya yi Yaƙin Bama, yana so ya san inda ya je da abin da ya same shi. Wani kakan nasa ya komo gida ya tsufa, ya rasu bai ba kowa labari ba. Wani kuwa tun ran da mota ta ɗauke shi ba a sāke jin ɗuriyarsa ba. Wannan takarda tana nuna yadda malamin Hakimi zai taimaki irin waɗannan bayin Allah.

1. Wane yaƙi ne?

Abu na farko shi ne a rarrabe yaƙin, gama mutane su kan haɗa su duka su kira su da suna ɗaya. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojan Nijeriya sun yaƙi Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sa'an nan aka kai su Afirka ta Gabas har 1918. A Yaƙin Hitila kuwa sun shiga Mogadishu da ƙasar Habasha cikin 1941. Bayan haka aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 cikin 1943, aka haye da su teku zuwa Indiya, daga can suka shiga Bama, ƙasar da a ke kira Myanmar yanzu. Sun yi gumurzu da Japanawa a kwarin kogin Kaladan cikin 1944, suka ci garin Myohaung a watan Janairu 1945. Mai Martaba Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo, bayan ya hau gadon sarauta a 1944, ya tafi har can ya gai da su.

2. Suna kaɗai ba ya isa

Nan ne yawancin masu nema su ke ɓata. Sa'ad da a ke ɗaukar soja, akawu ya kan rubuta sunan yanka ya liƙa masa sunan gari, watau kamar Audu Katsina ko Garba Daura. Masu irin wannan suna suna da yawa ƙwarai. Har wa yau ba kowane mai sunan Katsina ne haifaffen birni ba: wani daga ƙauye ya fito, wani ma daga ƙasar Maraɗi ya ƙetaro. Wani ya sāke suna da gangan don kada iyayensa su hana shi tafiya. Turawa kuma su kan rubuta suna yadda kunnensu ya ji.

Abin da ba ya ruɗarwa shi ne lambar soja. A Yaƙin Hitila lambobin sojan Nijeriya su kan fara da baƙaƙen NA. Wanda ya sami lamba ya sami bakin zare.

3. A fara da gida

Kafin a rubuta wa kowane ofis, sai malami ya sa a bincika adaka da tsohon akwati. A nemi takardar sallama, da littafin albashi, da takardar fansho, da hoto, da wasiƙun da ya aiko. A duba lambobin girma da kyau. Na yaƙin farko an zana sunan mutum da lambarsa da rundunarsa a gefensu ko a bayansu. Na yaƙi na biyu yawancinsu ba suna a kansu, amma suna nuna fagen da mutum ya je: Tauraron Bama ƙyallensa ja ne a tsakiya, gefensa shuɗi da ratsin ruwan goro, Tauraron Afirka kuwa ƙyallensa launin rairayi ne da jan ratsi a tsakiya.

Sa'an nan a zauna da tsofaffin gida, musamman mata, a rubuta abin da su ka riƙe: sunan mahaifinsa, da unguwarsu, da laƙabinsa, da muƙaminsa, ko kofur ne ko saje ko samanja, da Hakimin da ke sarauta lokacin da ya tafi, da waɗanda su ka tafi tare. Kada a jinkirta wannan, gama yaƙin ya ƙare tun 1945, waɗanda su ka ji labari daga bakin masu shi kuwa suna ta raguwa.

4. Inda za a tambaya

In mutumin ya rasu a bakin dāga, sai a duba jerin Hukumar Kula da Kaburburan Sojan Kwamanwel, wanda ke kan intanet kyauta. Jerin ya ƙunshi waɗanda su ka rasu daga 1914 zuwa 1921, da kuma daga 1939 zuwa ƙarshen 1947. Wanda ya komo ya rasu bayan haka ba ya ciki. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai bangon tunawa mai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Nijeriya a cikinsu. Amma rashin ganin suna ba shaida ba ne cewa mutum bai yi yaƙi ba. Hukumar da kanta ta yarda cikin 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba.

Gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana riƙe da fayilolin Lardin Katsina na zamanin En'e. Na Ingila da ke Kew yana da littattafan da kowace bataliya ta riƙa rubuta aikinta na kullum. Da wuya a ga sunan farabiti a cikinsu, amma in an san bataliyarsa za a san inda ya taka. Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka a 1964, ita ma wurin tambaya ce. Wanda ya yi Kwango daga 1960 ko Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, sai a nemi labarinsa a ofishin ajiye takardun soja da ke Lakwaja.

5. Gargaɗi

Kada a ba kowa takarda ta asali ko lambar girma. A ɗauki hotonta a aika. Kada malami ya gyara suna ko shekara don su dace da abin da iyali ke so. Ya rubuta abin da ya gani dabam, abin da aka gaya masa dabam. A kuma faɗa wa jama'a a fili cewa samun suna cikin jeri ba alkawarin kuɗi ba ne, don kada macuta su karɓe musu ɗan abin hannunsu da sunan za su fito musu da diyya.

Ya kyautu kowane Hakimi ya sa a buɗe littafi guda na mazan jiyan gundumarsa, suna da lamba da unguwa da fagen yaƙi, a ajiye a ofis. In an yi haka, jikan da zai zo tambaya nan gaba ba zai koma hannu wofi ba.