Sarƙar da ba ta da kai ba ta da wutsiya

Leda, bokitin roba da igiyar nailan duk daga polima ake yin su, wato dogayen sarƙoƙi na ƙwayoyin da ido ba ya gani. In roba ta narke, sarƙoƙin sukan cakuɗe kamar taliya a tukunya. A 1971 masanin Faransa Pierre-Gilles de Gennes, wanda ya samu kyautar Nobel a 1991, ya bayyana yadda sarƙa ke motsi cikin wannan cunkoso: maƙwabta sun tare ta hagu da dama, sai ta riƙa sulalewa gaba ko baya kamar maciji a rami.

To, in aka haɗa bakin sarƙar biyu ta zama zobe fa? Nan bayanin ya tsaya, don babu bakin da zai ja gaba. Kuma zobban da aka ƙera daban-daban ba za su taɓa sarƙewa da juna ba sai an tsinka ɗaya. Wannan hani shi ke matse su. Kowane zobe sai ya naɗe kansa riɓi biyu, ya fitar da rassa kamar itace, ya dunƙule a gurbinsa. Duk da haka ba curi ba ne mai santsi: madaukan maƙwabta suna kutsawa cikinsa.

Bambancin ba kaɗan ba ne. In tsawon sarƙa mai baki biyu ya ninka sau 1,000, faɗin wurin da ta mamaye zai ninka kusan sau 32. Na dogon zobe kuwa sau 10 kawai, kamar yadda lissafin kwamfuta na 2011 ya nuna. Gwajin hannu ya fi wuya, domin ƴar sarƙa miƙaƙƙiya ƙasa da 1 cikin 100 ta isa ta zura cikin zobban ta sauya kaurin narkakken.

A ganina, abin da ya fi ɗaukar hankali yana jikinmu. Ƙwayar halittar ɗan Adam takan ɗauki DNA mai tsawon kusan mita 2, amma kowane kuromosom yana zaune a unguwarsa, bai cakuɗe da sauran ba. Ba zobe ba ne, sai dai tsawonsa ya sa bakinsa ba ya samun lokacin sulalewa. A 2008 Angelo Rosa da Ralf Everaers suka nuna cewa wannan ya isa ya sa shi zaman zobe.