Ƙwaro Ɗaya, Ruwa Daban-daban: Yaƙi da Ciyawar Hayasin

Ciyawar hayasin tana yawo a kan ruwa kamar kainuwa, sai dai ta fi ta girma, ga fure shuɗi-shuɗi. Asalinta yankin Amazon ne a Kudancin Amurka, inda ƙwari suka saba cinta. Da ta ƙetaro Afirka ba tare da maƙiyanta ba, sai ta samu sake. Ta shigo Najeriya ta Badagiri a 1984, ta toshe hanyoyin kwale-kwale da wuraren kamun kifi.

Maganin da masana suka nemo shi ne ƙwaron Neochetina, ɗan ƙarami mai dogon baki, daga can gidanta. Balagaggen ƙwaron yana gaigayar fatar ganye da dare, ya bar ƙananan tabo. Ainihin ɓarnar ta tsutsarsa ce, wadda ke huda kara ta gangara har gindi. Ruwa ya bi ramin, karan ya ruɓe, tsiron ya nutse.

Abin lura shi ne, ƙwaron bai yi aiki iri ɗaya a ko'ina ba. A Tafkin Biktoriya an sake shi tun 1995, kuma bayan ciyawar ta kai ƙololuwa a 1998 sai ta ragu ƙwarai. Akwai ɗumi duk shekara, don haka hayayyafa ba ta tsayawa, sannan iska da igiyar ruwa suna wargaza tabarmar ciyawar da tsutsa ta raunana. Wasu masana na ganin ruwan sama mai yawa na yanayin El Nino na 1997 zuwa 1998 ya taimaka, kuma da wuya a raba hannun wannan da na wancan.

A Afirka ta Kudu kuwa, inda aka fara sakinsa tun 1974, sakamakon bai kai haka ba. A tuddan ƙasar sanyin hunturu yana ƙona ganye, ya karya yawan ƙwarin. Da bazara ciyawa ke riga su farfaɗowa. Ga madatsar Hartbeespoort, wadda ƙazantar birane ta cika da sinadaran taki, har ciyawar ta riƙa fitar da sabon ganye fiye da yadda ƙwaron ke cinyewa. A irin wannan ruwa, ƙwaron shi kaɗai bai wadatar ba.

Zurfi ma yana da tasiri. Inda ruwa ya janye saiwa ta kama laka, tsiron ba ya nutsewa ko da an huda shi, kuma tsutsar da ke buƙatar saiwa a cikin ruwa kafin ta rikiɗe takan rasa mafaka.